Hans Zimmer da Sauyin da Ya Kawo wa Sana'ar Kiɗan Fim

A shekarar 2003 aka saki fim na farko a jerin Pirates of the Caribbean, kuma takensa ya shiga kunnen duniya har ta kai mutanen da ba su taɓa kallon fim ɗin ba suna gane shi da zarar an sa shi a filin wasa ko a tallan talabijin. Idan aka tambayi masu sha'awar fina-finai wanda ya tsara wannan kiɗa, akasarinsu za su ce Hans Zimmer ne, alhali sunan da aka rubuta a jikin fim ɗin shi ne Klaus Badelt, wani Bajamushe ɗan Frankfurt da ke aiki a situdiyon Zimmer a wancan lokaci. Abin da ya faru shi ne, Alan Silvestri, wanda aka fara ba aikin, ya bar shi ana dab da kammala fim, sai darakta Gore Verbinski ya garzaya wurin Zimmer, shi kuwa a lokacin yana ɗaure da alkawarin aikin The Last Samurai wanda ya hana shi sa sunansa a wani fim. Saboda haka ya zauna ya fitar da manyan taken, ya miƙa su ga Badelt da wasu matasan situdiyon, su kuma suka gina sauran kiɗan cikin 'yan makonni. Wanda ya ce Zimmer ne, ya yi gaskiya, wanda ya ce Badelt ne shi ma bai yi ƙarya ba.

Wannan ruɗani shi ne ƙofar fahimtar rayuwar aikin mutumin. An saba ba da tarihinsa ta hanyar jero fina-finai fiye da 100 da ya yi wa kiɗa da lambobin yabon da ya tara, kamar yadda ake yi wa kowane shahararre, amma jerin sunaye ba ya bayyana dalilin da ya sa ake kallonsa a matsayin wanda ya raba sana'ar gida biyu, kafinsa da bayansa. Babban abin da Zimmer ya sauya shi ne hanyar aikin kanta, wato yadda ake ƙirƙirar kiɗan, da lokacin da darakta ke fara jin sa, da yawan hannayen da ke taɓa shi kafin ya isa sinima, da kuma wanda ake biya idan ya isa. Yabon da ake yi masa da sukar da ake yi masa duk daga nan suka samo asali.

Kiɗan fim na Hollywood tun farkonsa yana da jini ɗaya da ƙasashen da ke magana da Jamusanci. Max Steiner, wanda ya yi kiɗan King Kong a 1933, ɗan Biyana ne, babban birnin Ostiriya, kuma a can Erich Korngold ya tashi kafin mulkin Nazi ya sa ya zauna a Amurka. Franz Waxman ya gudo daga Jamus, ya kuma ci lambar Oscar sau biyu a jere da fina-finan 1950 da 1951. Waɗannan mutane sun zo da tarbiyyar gidajen wasan opera, inda kowane jarumi da kowane mugu ke da takensa da ake kaɗawa duk lokacin da ya bayyana, salon da mai tsara opera Bajamushe Richard Wagner ya ɗaukaka. Aikinsu a takarda yake. Mai tsara kiɗa zai zauna da fensir ya rubuta abin da kowane makaɗi zai buga, ya ɗan taɓa wa darakta a fiyano don ya ji kamanninsa, sa'an nan a jira ranar da za a tara okestira ta makaɗa 80 ko 90 a zauren ɗaukar sauti. A ranar ce darakta zai fara jin ainihin abin da ya saya, kuma idan bai yi masa ba, an riga an kashe maƙudan kuɗi, lokaci kuma ya ƙure. Labarin Alex North sananne ne a wannan fage: ya rubuta kiɗa ga fim ɗin Stanley Kubrick na 1968, bai san an jingine aikinsa ba sai da ya zauna kallon fim ɗin ya ji wasu kiɗe-kiɗe na daban.

Zimmer bai fito daga wannan makaranta ba. An haife shi ranar 12 ga Satumba 1957 a Frankfurt, a Jamus ta Yamma, ya kuma tashi a Königstein da ke kusa da birnin. Mahaifinsa injiniya ne mai ƙirƙire-ƙirƙire, ya rasu yaron yana ɗan shekara shida, mahaifiyarsa kuwa mai son kiɗa ce, Bayahudiya da ta tsira daga mulkin Nazi saboda ta gudu Ingila a 1939. Shi da kansa ya sha faɗa cewa darasin fiyano da aka yi masa bai wuce na mako biyu ba, kuma makarantu da dama sun kore shi kafin ya ƙarasa karatu a Ingila. Abin da ya rasa na karatun kiɗa ya cike shi da na'ura. Jamus ta shekarun 1970 ita ce ƙasar Kraftwerk a Düsseldorf da Tangerine Dream a Balin da Giorgio Moroder a Munich, mutanen da suka nuna cewa na'urar haɗa sauti, wadda ake kira sintesaiza, za ta iya tsayawa da ƙafarta a matsayin kayan kiɗa. A Landan Zimmer ya zama ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suka iya sarrafa waɗannan na'urori masu tsada da wuyar sha'ani, ya yi kiɗan tallace-tallace a kamfanin Air-Edel, ya yi aiki da ƙungiyar The Buggles, har ana ganin fuskarsa na ɗan lokaci a bidiyon waƙarsu ta 1979, wadda ita tashar MTV ta fara sakawa ranar da aka buɗe ta a 1981.

Malaminsa na gaskiya shi ne Stanley Myers, gogaggen mai kiɗan fim na Ingila wanda ya san okestira ciki da bai. Su biyun suka kafa situdiyon Lillie Yard a Landan, suka yi fina-finai tare, ciki har da My Beautiful Laundrette na 1985, kowa yana ɗaukar abin da ɗan'uwansa ya fi shi sani. Wannan zama yana da muhimmanci, domin shi ne samfurin da Zimmer ya faɗaɗa daga baya: ƙarami ya zauna a gefen babba, ya yi masa hidima, ya rubuta ɗan guntun kiɗa yau, gobe a ba shi fitowa guda, jibi a sa sunansa a gefen na maigida. A 1988 ya yi kiɗan A World Apart, ƙaramin fim a kan mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Matar darakta Barry Levinson ta ji kiɗan ta nuna wa mijinta, shi kuma ya ɗauki Zimmer aikin Rain Man, wanda ya zama gwarzon fim na shekarar a Oscar, ya kuma kawo wa matashin ɗan shekara 31 shiga jerin 'yan takara karo na farko. Shekara ta gaba ya yi Driving Miss Daisy, shi ma ya zama gwarzon fim, kuma duk kiɗan da ke cikinsa Zimmer ne ya buga shi a na'urori, babu okestira ko ɗaya.

A nan ne hanyar aiki ta juya. Da yake Zimmer a kan maɓallan fiyano da kwamfuta yake ƙirƙira, kuma ya tara sautukan kayan kiɗa na gaske da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya aka adana a na'ura, yana iya gina kwaikwayon okestira cikakkiya a ɗakinsa, ya ɗora shi a kan hoton fim, ya kira darakta ya zo ya zauna a kujera ya kalla. Darakta zai ce gangunan sun shigo da wuri, a jinkirta su daƙiƙa uku, ko ya ce gogen ya cika kuka a inda jaruma ke ƙoƙarin ɓoye hawayenta, a gyara nan take, a sake kunnawa. Sai an amince da komai sa'an nan a mayar da shi takarda a kai wa makaɗa na gaske, sau da yawa ma a gauraya sautinsu da na na'urar don ya ƙara kauri. Ga furodusa kamar Jerry Bruckheimer da daraktoci irin su Ridley Scott da ƙanensa Tony Scott, wannan ya cire fargabar ranar ɗaukar sauti gaba ɗaya. A yau da wuya a sami babban fim da za a amince da kiɗansa ba tare da an fara jin irin wannan samfuri ba, kuma kayan aikin sun yi arahar da matashi a situdiyon Kano ke zama shi kaɗai da fiyano da kwamfuta ya fitar da sautin tawaga guda.

Sai dai wannan sauƙi ya zo da farashinsa, kuma ina ganin ba a cika faɗin hakan ba. Da zarar darakta da furodusa da shugabannin kamfani sun sami damar jin kiɗa tun yana ɗanye, kowa zai sa baki, kuma abin da jama'a da yawa suka fi saurin amincewa da shi shi ne abin da ya yi kama da wanda suka taɓa ji ya yi kasuwa. Masu tace fim kan ɗora kiɗan aro daga tsofaffin fina-finai a lokacin da suke yanka hotuna, darakta ya yi watanni yana kallon fim ɗinsa da wannan kiɗa har ya shaƙu da shi, daga bisani a ce wa mai tsara kiɗa ya yi wani abu makamancinsa. Da yake kiɗan Zimmer na Crimson Tide da The Thin Red Line da Gladiator na cikin waɗanda aka fi ara, sai aka wayi gari fina-finan faɗa na shekaru kusan 20 suna amo iri ɗaya, har da waɗanda bai taɓa sa hannu a cikinsu ba.

Kiɗan kansa ma ya sauya siffa. A wurin Korngold ko John Williams, take dogon kari ne da mutum zai iya rerawa yana tafiya. A wurin Zimmer, musamman tun da ya fara aiki da darakta Christopher Nolan a Batman Begins na 2005, take na iya zama launin sauti kawai. A The Dark Knight na 2008, abin da ke sanar da zuwan mugun fim ɗin sauti ne guda da ake ja a kan babban gogen Turawa da ake kira celo, yana hawa sannu a hankali kamar igiyar da ake miƙewa har ta kusa tsinkewa, kuma a gwaje-gwajen da aka yi don samo shi har da goga reza a kan tsirkiya. A Inception na 2010, labarin ya ginu a kan cewa lokaci yana tafiyar hawainiya a cikin mafarki, don haka aka ɗauki tsohuwar waƙar Édith Piaf da jaruman ke amfani da ita a matsayin ƙararrawar farkawa, aka ja bugunta aka rage masa gudu har ya koma ƙugin ƙahonin tagulla mai girgiza zauren sinima. Mai kallo yana jin waƙa ɗaya ce a sigogi biyu ba tare da ya sani ba. Wannan dabara ce ta gaske, ta fito daga zuciyar labarin, ko da yake masu tallan fina-finai sun kwashi ƙugin sun yi ta watsa shi a ko'ina har ya gundura, kuma har yau akwai saɓani a kan rabon Zimmer da na waɗanda suka yi kiɗan tallace-tallacen fim ɗin wajen fito da shi.

A Dunkirk na 2017 ya kai wannan tunani maƙura. An ɗauki ƙarar agogon Nolan aka mai da ita bugun da ke bin fim ɗin, aka kuma yi amfani da wata yaudarar kunne da masana sauti suka daɗe da sani, inda ake jera sautuka da dama suna hawa tare, na sama yana dusashewa a daidai lokacin da wani sabo ke shigowa daga ƙasa, ta yadda kunne zai rantse cewa kiɗan yana ta hawa ba ya sauka. Masu suka suna cewa wannan injiniyanci ne, kuma mai kallo yana fita da bugun zuciya amma ba ya fita da waƙa. Akwai gaskiya a maganarsu idan ana batun almajiran da suka kwafi ƙarar suka bar dalilinta. Amma ban yarda hukuncin ya hau kan mutumin da ya yi The Lion King da Interstellar ba. Ya karɓi aikin The Lion King na 1994 ne don ya sami fim ɗin da zai kai 'yarsa ƙarama kallo, sai ya tarar da labarin yaro ne da mahaifinsa ya mutu ya bar shi, kuma ya faɗa cewa kiɗan mutuwar sarkin zakuna makoki ne ga nasa mahaifin. Da shi ya ci Oscar ta farko. A Interstellar kuwa, Nolan ya ba shi shafi guda a kan wani uba da ɗansa, bai gaya masa cewa fim ɗin sararin samaniya ba ne, ya ce ya ba shi aikin kwana ɗaya. Abin da ya fito daga wannan kwana shi ne ginshiƙin kiɗan fim ɗin na 2014, wanda aka ɗauka a kan ogan mai bututu na cocin Temple da ke Landan, Roger Sayer yana bugawa. Duk inda aka ƙuntata masa kayan aiki aka kuma taɓa masa wani ciwo nasa, a nan aikinsa ya fi tsayawa.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ya shafe mu kai tsaye, wato yadda ya gabatar da sautin Afirka ga duniya. Muryar da ke buɗe The Lion King da harshen Zulu ta Lebo M ce, ɗan Soweto da ya yi zaman gudun hijira, wanda Zimmer ya fara aiki da shi a The Power of One na 1992. Ba ƙaramin abu ba ne a ce fim ɗin yara na Disney ya fara da muryar Baƙar fata yana rera harshensa ba tare da fassara ba, kuma ƙungiyoyin mawaƙan Afirka ta Kudu sun amfana da ƙofar da wannan ya buɗe. Amma nasarar ta zama tarko, domin daga nan Hollywood ta ɗauka cewa ta gano amon nahiyar baki ɗaya. A Black Hawk Down na 2001, wanda labarinsa ya faru a Mogadishu, muryar da ke ɗauke da baƙin cikin Somaliya ta Baaba Maal ce, Bafulatanin Senegal, daga ɗaya ƙarshen nahiyar. A Tears of the Sun na 2003, wanda aka ce a Nijeriya labarinsa ya faru alhali a Hawaii aka ɗauke shi, wanda kuma ya zana Fulani Musulmi a matsayin makasa marasa fuska, muryar Lebo M aka sake kirawo ta yi kukan waɗanda ake kashewa. Ƙasar da ke da kalangu da algaita da kakaki da gangunan Yarabawa da ogene na Ibo ba ta ji kanta a kiɗan fim ɗin da ke ɗauke da sunanta ba. Laifin rubutun labarin ba na mai kiɗa ba ne, amma kiɗa mai daɗi yana sa mai kallo ya haɗiye abin da da zai tsaya ya tambaya, kuma wanda ya shafe watanni yana neman sautin da ya dace da duniyar rairayi ta almara a fim ɗin Dune yana da ikon yin irin wannan wahala saboda ƙasa ta gaske.

Mu koma ga batun hannaye da yawa. A 1989 Zimmer da abokinsa Jay Rifkin suka kafa kamfanin Media Ventures a Santa Monica, wanda bayan rikicin shari'a tsakaninsu a 2003 ya koma Remote Control Productions. Gini ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da mai tsara kiɗa da na'urorinsa, duk a haɗe. Jerin waɗanda suka ratsa ta wurin ya isa shaida: John Powell, Harry Gregson-Williams, Steve Jablonsky, Lorne Balfe, Henry Jackman, da Ramin Djawadi, haifaffen Duisburg ɗan Ba'iraniye da Bajamushiya, wanda ya yi taken Game of Thrones. Tsarin ya yi kama da shagon babban tela, inda maigida ke karɓar aiki ya auna ya yanka, yara su ɗinka, riga kuma ta fita da sunan shago. Masu kare tsarin suna cewa babu mutum ɗaya da zai iya fitar da kiɗan sa'a biyu cikin makonni shida alhali ana sake yanka fim kullum, kuma tun zamanin Steiner akwai mataimaka, sai dai a da ɓoye su ake yi, shi kuwa Zimmer yana rubuta sunayensu a ƙarshen fim a matsayin masu ƙarin kiɗa, yana kuma tura su wurin daraktoci idan sun ƙware.

Wannan rubuta sunaye ya taɓa jawo masa matsala. A ƙarshen 2008 hukumar Oscar ta cire kiɗan The Dark Knight daga takara saboda takardar jerin kiɗe-kiɗen fim ɗin tana ɗauke da sunaye biyar, wato Zimmer da James Newton Howard da wasu mutum uku, kafin ta janye hukuncin bayan 'yan makonni. Don a gane nauyin wannan takarda sai an san yadda kuɗi ke tafiya a sana'ar. Kamfanin fim ne ke mallakar kiɗan, mai tsarawa kuma ana biyansa ladan aiki sau ɗaya, amma duk lokacin da aka nuna fim ɗin a talabijin, ko a sinimomin ƙasashen da dokarsu ta tanadi haka, ƙungiyoyin karɓar haƙƙin mawaƙa, irin su GEMA a Jamus da ASCAP da BMI a Amurka, suna karɓar kuɗi su raba bisa sunayen da ke cikin takardar da kason da aka rubuta wa kowa. Suna a ƙarshen fim daraja ce, suna a takardar kuwa abinci ne na shekaru. Matashin da ya kwana uku yana gina kiɗan fitowar faɗa, idan ba a sa shi a takardar ba, ladan ranar kawai ya samu. A kan wannan gaɓa ce ya kamata a auna kowane maigida a sana'ar, kuma abin da ya faru a 2008 ya nuna cewa dokokin lambar yabo, waɗanda aka gina a kan hoton gwani ɗaya da fensirinsa, suna iya hukunta wanda ya yi adalcin rabo su kyale wanda ya ɓoye yaransa. Duk da haka, adalcin mutum ɗaya ba ya gyara tsarin da ya bar ƙarami ba shi da abin dogaro sai kirkin babba.

A talabijin ne tsarin ya fi nuna ƙarfinsa da haɗarinsa. Zimmer ya san darajar wannan fage tun 1987, lokacin da ya yi taken shirin kacici-kacici na BBC mai suna Going for Gold, wanda ya ce shi ya riƙa biya masa kuɗin haya na tsawon lokaci. A ƙasarsa ta haihuwa ma akwai misali, domin taken da Klaus Doldinger ya yi wa shirin 'yan sanda na Tatort a 1970 har yau shi ke buɗe shirin a daren Lahadi. Amma shiri mai dogon zango yana cin kiɗa fiye da fim nesa ba kusa ba, kasafinsa kuma bai kai na fim ba. Don haka aka kafa Bleeding Fingers Music, kamfanin da Zimmer ke cikin waɗanda suka assasa shi, inda gungun matasa ke yi wa shirye-shirye kiɗa. A shirin namun daji Planet Earth II na 2016 Zimmer ya yi babban take, Jacob Shea da Jasha Klebe suka yi kiɗan sassan shirin, haka kuma a The Crown take nasa ne, sauran aikin farkon shirin na Rupert Gregson-Williams ne. Sakamakon yana da kyau ƙwarai, kuma ya ɗaga darajar kiɗan shirye-shiryen namun daji. Ɗaya fuskar ta bayyana a 2017, lokacin da masu shirin The Simpsons suka sallami Alf Clausen, wanda ya shafe shekara 27 yana yi musu kiɗa da okestira ta mutum 35 a kowane kashi, suka ba Bleeding Fingers aikin. Zimmer bai kori kowa ba, amma hanyar da ya shimfiɗa ce ta sa makaɗa 35 suka zama kuɗin da za a iya ragewa. Yanzu kuma da kallo ya koma manhajojin intanet, inda kuɗin maimaita nuni bai kai na tashoshin talabijin ba, wasu kamfanoni ma suna neman sayen haƙƙin gaba ɗaya tun farko, takardar da muka yi bayani a kanta tana rage ƙima a hannun ƙananan da suka fi bukatarta.

Shi kansa ya sami mafita da ba kowa ke da ita ba. Tun 2016 yake zagaya manyan zauruka da tawagarsa, ya hau dandalin bikin Coachella a 2017, ya mai da kiɗan bayan fage abin da dubban mutane ke sayen tikiti don su saurara. Yana cikin irin wannan zagaye a Amsterdam aka sanar da shi cewa Dune ya ci masa Oscar ta biyu a 2022, aikin da ya ajiye Tenet na Nolan saboda shi, domin littafin ya kama shi tun yana matashi. Kashi na biyu na fim ɗin bai sami shiga takarar ba, saboda dokar da ta ce kiɗan ci-gaban fim kada ya ɗauko fiye da kashi 20 cikin 100 daga na baya, ko da yake shi yana ganin fim biyun labari ɗaya ne da aka raba.

A 2023 Zimmer da abokin kasuwancinsa Steve Kofsky, tare da furodusoshi Tim Bevan da Eric Fellner, suka sayi situdiyon Maida Vale na BBC a Landan, ginin da babbar okestirar gidan rediyon ta mayar gidanta a 1934. Da yawa daga cikin manyan ayyukan Zimmer a Landan ake ɗaukar su da makaɗan birnin, kuma ya daɗe yana cewa kuɗin fina-finai na cikin abin da ke riƙe da okestirori a raye. Zauruka masu faɗin da za su ɗauki makaɗa 90 a lokaci guda kaɗan ne suka rage a Landan da Los Angeles, don haka yawan ranakun da za a cika wannan zaure da mutane masu goge da ƙaho zai shafi abincin ɗaruruwan makaɗa, ya kuma shafi ko matasan da ke tasowa a ɗakunan kwamfuta za su sami inda za su tsaya gaban okestira su ji yadda abin da suka rubuta ke fita daga hannun ɗan Adam.